Tambaya da Amsa: Ina Ya Kamata Mu Ɗauki Hotunan Baikonmu a Cikin Birni?

Wasiƙu huɗu ne suka taru a kan magana ɗaya a wannan fitowar, wato zaɓen wurin da masu shirin aure za su ɗauki hotunan baikonsu, a cikin gini ko a sarari. Mun taƙaita wasiƙun, kuma mun sakaya sunayen masu su kamar yadda suka nema.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum. An yi mana baiko, kuma mun shirya da mai ɗaukar hoto zai ba mu awa uku. Ni ina son a ɗauke mu a lambun shaƙatawa mai itatuwa da furanni, shi kuma wanda zan aura ya fi son zauren wani babban otal, saboda ba ya son rana. Wanne ya fi dacewa, kuma ta yaya za mu gane wuri mai kyau tun kafin ranar? Daga wata mai karatu.

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya sanya alheri. Awa uku sun ishe ku yin duka biyun muddin wuraren ba su yi nisa da juna ba, don haka babu dalilin da zai sa ɗayanku ya haƙura da abin da yake so. Abin da nake so ki riƙe tun daga farko shi ne, wurin hoto da lokacinsa tare ake zaɓensu. Lambun da ya burge ki da la'asar sakaliya, idan kika koma masa da rana tsaka, itatuwan suna nan, furannin suna nan, amma hoton da zai ba ki ya sha bamban da wanda kika gani a zuciyarki, domin abin da kyamara take ɗauka haske ne, kuma hasken wuri yana sauyawa daga awa zuwa awa.

Idan rana tana tsakiyar kai, haskenta yana saukowa ne a miƙe, sai inuwa ta taru a kwarmin ido da ƙarƙashin hanci da haɓa, mutum kuma ya dinga ƙanƙance ido ko da bai so ba. Wanda ya gudu ƙarƙashin itace mai ganye sako-sako shi ma bai tsira ba, saboda hasken da ke ratsowa tsakanin ganye yana yi wa fuska da tufafi dabbare-dabbare, kuma wannan yana daga cikin abubuwan da suka fi wuyar gyarawa a kwamfuta. Akwai kuma matsalar fararen kaya: idon ɗan Adam yana iya ganin ɗinkin farar riga da annurin fuska a lokaci guda cikin tsananin rana, amma kyamara takan gaza haɗa su, ko dai rigar ta yi fari fat har adonta ya ɓace, ko kuma fuskar ta yi duhu. Ciyawa ma tana da tata illar, domin idan rana mai ƙarfi ta doke ta, takan mayar da kore-kore zuwa wuya da ƙasan fuska.

Wannan ne ya sa masu sana'ar suke ƙaunar lokacin da suke kira sa'ar zinare, wato jim kaɗan bayan fitowar rana da kuma gab da faɗuwarta, lokacin da hasken yake zuwa daga gefe, mai taushi, mai ɗan ja-ja, wanda yake yi wa kowace irin fata kyau. Sai dai kada sunan ya sa ki ɗauka awa guda cur ce. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, kuma wannan hasken yana samuwa ne idan rana ta sauko zuwa kimanin digiri 6 daga inda sama ta haɗu da ƙasa. A ƙasashen da ke kusa da layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu arewa da kudu, rana tana faɗuwa kusan a miƙe, saboda haka lokacin bai cika rabin awa ba, yayin da a ƙasashen da ke can nesa da layin yakan kai awa ɗaya ko ya wuce. Bayan rana ta faɗi kuma akwai wasu mintuna 20 zuwa 30 da sama take yin shuɗi mai zurfi, fitilun birni suna fara kunnuwa, kuma hotunan da ake ɗauka a wannan ɗan taƙin sukan zama mafi kyawun na ranar gaba ɗaya.

A cikin birni akwai ƙarin lissafi da mutane suke mantawa da shi. Ginin da ya kai tsawon mita 30, wato bene mai hawa goma ko kusa da haka, idan rana tana digiri 10 daga ƙasa, inuwarsa tana kaiwa kimanin mita 170. Ma'anar wannan ita ce, lokacin faɗuwar rana da wayarki take nuna miki ba shi ne lokacin da haske zai bar titin ko lambun da kuka zaɓa ba. Yana iya barinsa tun da sauran awa guda idan akwai dogayen gine-gine ta yamma da shi. Babu wata manhaja da za ta gaya miki wannan kamar yadda ƙafarki za ta gaya miki, gani ya kori ji. Ku je wurin mako ɗaya ko biyu kafin ranar, a irin ranar makon da kuka tsayar, kuma a daidai lokacin da za a yi ɗaukar. Ki tsaya inda kike sha'awa, a ɗauke ki da waya kina fuskantar gabas, da yamma, da kudu, da arewa, sannan ku zauna ku duba hotunan da idon basira, musamman abin da ke bayanki: wayoyin lantarki, allunan talla, motocin da aka ajiye, kwandon shara, ko turken fitila da zai fito kamar ya tsiro daga kanki. Ku lura ko akwai filin da za ku tsaya taku biyar ko fiye daga bango ko shinge, domin wannan tazarar ce take ba mai ɗaukar hoto damar dusashe bayan ya fito da ku sarai. Ku tambayi lokacin da ake rufe ƙofa, tunda wasu lambunan suna sallamar baƙi daidai lokacin da hasken ya fara kyau, ku kuma tabbatar akwai ɗaki mai tsabta da za a sauya kaya.

Game da tsarin awa ukun, idan da yamma ne ku fara da zauren, lokacin da rana take sama kuma tagogi suke cike da haske, sannan ku fita lambun idan ya rage kamar awa ɗaya da kwata rana ta faɗi. Da haka angon naki bai sha ranar da yake gudu ba, ke kuma kin sami furanninki a mafi kyawun lokacinsu. Idan da safe ne sai a juya tsarin. Kada tafiyar da ke tsakanin wuraren biyu ta wuce minti goma sha biyar, domin a yawancin birane lokacin wannan hasken shi ne lokacin tashi daga aiki, kuma cunkoson motoci yana iya cinye rabin awar da kuka shirya komai dominta. A ganina abin da ya fi duka shi ne wuri guda mai ciki da waje, kamar tsohon gini mai baranda da farfajiya, ko ɗakin karatu mai lambu, ko otal ɗin kansa idan yana da fili mai itatuwa.

Tambaya ta biyu

Na je na duba wani zaure mai kyau ƙwarai, mai fitilun ado da madubai. Da na ɗauki hoton gwaji da waya, sai rabin fuskata ya fito rawaya-rawaya, rabi kuma shuɗi-shuɗi, wasu hotunan ma da ratsi-ratsi a kwance. Laifin wayar ne ko na zauren? Daga wani mai karatu.

Amsa

Malam, ka yi dabara da ka gwada, kuma wayarka gaskiya ta gaya maka. Kowane haske yana da launinsa, ana kuma auna shi da ma'aunin Kelbin. Ƙwan lantarki mai ɗumin launi, irin wanda ake sakawa a fitilun ado, yana tsakanin 2700 da 3000, hasken rana tsaka yana wajen 5500, na ranar gajimare kuma wajen 6500. Ƙwaƙwalwar mutum tana daidaita waɗannan duka ba tare da ya sani ba, har ya ga farin bango fari ne a ko'ina, amma kyamara launi ɗaya kawai take iya ɗauka a matsayin fari a kowane hoto. Ka tsaya ne tsakanin taga da fitila, sai kowacce ta rina gefen fuskarka da ke kusa da ita. Ratsin kuma daga wutar lantarkin ne: tana kai da komowa sau 50 ko 60 a daƙiƙa gwargwadon ƙasa, wasu fitilun suna ƙyaftawa tare da ita, ido ba ya gani amma kyamara tana kamawa. Ƙwararren mai ɗaukar hoto ya san yadda zai rage saurin ɗaukar don ratsin ya ɓace, saboda haka wannan ba abin damuwa ba ne sosai.

Tambayar da za ka yi wa masu zauren ita ce ko za su yarda a kashe fitilu na ɗan lokaci. Idan sun yarda, kuma akwai babbar taga, to ka sami wuri. Hasken taga da rana ba ta dukanta kai tsaye yana daga cikin mafi kyawun haske ga fuska. Taga mai fuskantar gabas tana ba da irin wannan hasken da yamma, mai fuskantar yamma kuma da safe, kuma idan rana tana shigowa, siririn farin labule yana tausasa ta. Ku tsaya kusa da ita, mita ɗaya ko biyu, domin haske yana raguwa da sauri fiye da yadda ake zato: a fitila, idan aka ninka nisa sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na hasken yake isowa, taga ma da an yi nisa da ita haka take yi. Ka kuma ɗaga kai ka dubi silin. Ƙananan fitilun da ake binnewa a cikinsa suna hasko ƙasa a miƙe, inuwar rana tsaka suke kawowa cikin ɗaki. Farin silin da bai yi tsawo ainun ba alheri ne, tunda mai hoto zai iya harba filashinsa sama hasken ya dawo a baje, amma silin mai launi ko na katako mai duhu zai rina fuskokinku da launinsa.

Girman wurin ma abin aunawa ne. Gilashin kyamara mai milimita 85, wanda ake yawan amfani da shi don hoton mutane saboda ba ya karkata siffar fuska, yana buƙatar mai ɗauka ya ja da baya mita biyar zuwa shida kafin ya ɗauki mutum biyu daga kai har ƙafa, ga kuma mita biyu ko uku da ake so a bayanku. Idan ɗakin bai kai haka ba, dole ya koma gilashi mai faɗin gani, irin mai milimita 24, wanda yake miƙe duk wanda ya tsaya a gefen hoto ya kuma kumbura abin da ya fi kusa da kyamara. Madubai suna da kyau a ido, amma suna nuno mai hoton da kayan aikinsa da duk wanda ya zo rakiya, sai an yi ta kauce musu. Idan zauren ya gaza a waɗannan, sitidiyo mai kyau ta fi shi, duk da cewa babu abin da za ta nuna na birnin da kuke ciki.

Tambaya ta uku

Wani abokina da amaryarsa sun shirya tsaf sun je gaban wani babban gini, suna fara ɗaukar hoto mai gadi ya dakatar da su, ya ce sai da takarda. Ashe wurin da kowa yake shiga ma sai an nemi izini? Daga wani mai karatu.

Amsa

Malam, sau da yawa sai an nema, kuma mai gadin aikinsa ya yi. Otal, da babban kantin zamani, da gidan cin abinci, da harabar kamfani, duk mallakar wasu ne ko da ƙofarsu a buɗe take ga kowa, kuma izinin shiga daban yake da izinin ɗaukar hoto. Lambunan gwamnati, da gidajen tarihi, da tashoshin jiragen ƙasa su ma suna da hukumomin da ke kula da su, kuma galibinsu suna bambanta baƙon da ya ɗaga waya da wanda ya zo da mai hoto na haya, da fitilu, da matokarar kyamara mai ƙafa uku. Gidajen tarihi da yawa suna hana filashi da matokara gaba ɗaya. Barikin soja, da filin jirgin sama, da kotu, da ofishin jakadanci kuwa, a ƙasashe da dama ɗaukar hotonsu na iya kai mutum ga tsarewa, saboda haka ko a bayanku kada su fito.

Dokokin sukan kai inda ba a zata ba. Hasumiyar Eiffel da ke Paris, wadda aka kammala a 1889, kowa yana iya ɗaukar hotonta da rana ya yi abin da ya ga dama da shi, amma adon fitilun da aka yi mata a 1985 yana da haƙƙin mallaka, kuma kamfanin da ke kula da ita yana buƙatar a nemi izininsa kafin a yi kasuwanci da hotonta na dare, duk da cewa bai hana masu ziyara ɗaukar na kansu ba. Na kawo wannan ne domin hotunan baiko sukan tashi daga na gida su koma na talla da zarar mai ɗaukar ya saka su a shafinsa don neman kwastomomi. Wannan magana ce da ya kamata ku gama da shi tun kafin ranar, a rubuce: ko kun yarda ya wallafa hotunanku, ko ba ku yarda ba.

Izinin wurin ma a rubuce ake karɓarsa, ɗauke da kwanan wata, da lokaci, da yawan mutanen da za su zo, da kayan aikin da za a shigo da su, da sunan jami'in da ya bayar. Maganar baki ba ta isa ba, domin wanda ya ce muku babu komai ranar Talata wataƙila ba shi ne a bakin ƙofa ranar Asabar ba. Idan akwai niyyar amfani da ƙaramin jirgi mara matuƙi, a faɗa tun farko, tunda ƙasashe da yawa suna buƙatar rajistarsa, suna kuma hana tashinsa kusa da filin jirgi ko a kan taron jama'a.

Akwai wuri ɗaya da nake roƙon kowa ya cire daga lissafinsa ko da ya ga wasu sun yi, shi ne kan layin dogo. Shiga cikinsa laifi ne a ƙasashe da yawa, kuma jirgin kaya mai nauyi da ke tafiyar kilomita 90 a awa yana buƙatar fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya, ko da direban ya hango ku ya taka birki nan take. An rasa rayuka a irin wannan ɗaukar hoton. Haka nan tsakiyar titin mota da bakin rufin bene mara shinge.

Tambaya ta huɗu

Ni da wanda zan aura dukanmu masu kunya ne, ba ma iya sakewa idan mutane suna kallo. Kuma muna tsoron ruwan sama ya ɓata mana shiri. Me za mu yi? Daga wata mai karatu.

Amsa

'Yar'uwa, kunya tana fitowa a hoto fiye da komai, a kafaɗa da hannu da murmushin dole, don haka kin yi daidai da kika sa ta cikin lissafin zaɓen wuri. Ku guji wuraren da suka yi suna, waɗanda ake layi don a tsaya a gabansu. Kowane sashe na birni yana da lokacin da yake zama wayam: unguwar ofisoshi da safiyar ranar hutu, lambun shaƙatawa kuma da safiyar ranar aiki. Hasken sassafe bai gaza na yamma kyau ba, ga sanyi, ga ƙarancin idanu. Idan akwai wurin da kuka saba da shi, kamar harabar makarantar da ɗayanku ya yi ko ɗakin karatun da kuke zuwa, ku fifita shi a kan wanda ya fi shi ƙawa, domin mutum ya fi sakin jiki a inda ya sani, kuma bayan shekaru hoton zai tuna muku da wani abu naku. Ku rage 'yan rakiya zuwa mutum ɗaya ko biyu, sannan ku roƙi mai hoton ya fara daga nesa kuna tafiya kuna hira, kafin ya matso.

Gajimare ba abin tsoro ba ne, yana baje haske ya kawar da inuwa mai kaifi, har ya ba ku damar ɗauka a kowane lokaci na yini. Ruwa ne yake buƙatar shiri. Ku zaɓi wurin da ke da baranda mai faɗi ko rumfa mai buɗaɗɗen gefe, inda za ku fake amma hasken waje yana shigowa, ku tsaya a bakinta kuna fuskantar sarari. Sannan ku tsayar da rana ta biyu tun yanzu tare da mai hoton da masu wurin, a rubuta ta cikin takardar izinin, a kuma amince da ƙarfe nawa na safiyar ranar za a yanke shawarar ɗagawa idan hadari ya haɗu.